Lafiyar Watan Agusta Tun da Kaka Ake Shirya Ta

Ma'aikatan da ke kula da yara a asibitocin Katsina, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram sun san cewa cikar gadaje tana da lokacinta. Daga Yuli zuwa Oktoba ne uwaye ke yin layi da yara ramammu, wasu da kumburarrun ƙafafu, wasu jiki zafi zau, wasu gudawa ta tsotse su. Abin da ke ɗaure wa mutum kai shi ne, a daidai wannan lokacin ne ƙasa ta yi kore shar, gero ya tashi, shanu sun murmure, ko'ina ruwa. Damina uwar albarka ce, amma ita ce kuma lokacin da jikin talaka ya fi jigata a duk shekara. Wanda bai fahimci dalilin haka ba, duk shawarar da zai bayar kan cin abinci mai gina jiki za ta tsaya a takarda.

Abubuwa uku ne ke haɗuwa a wuri ɗaya. Na farko, hatsin bara ya ƙare ko ya kusa, na bana kuma bai nuna ba. A gidaje da yawa rumbu kan kai ƙasa tun watan Mayu ko Yuni, daga nan sai awo da kwano, a lokacin da farashi ya fi kowane lokaci tsada. Na biyu, aikin ƙarfi ya kai maƙura: shuka, noman fari, maimai, duk cikin makonni kaɗan, kuma ba su jiran kowa. Jiki na neman abinci fiye da kullum, ga tukunya ta ragu. Inda mata ke fita gona, yaron goye da wanda aka yaye sukan wuni a hannun yayarsu 'yar shekara bakwai, da kwanon koko ɗaya. Na uku, cuta. Sauro ya hayayyafa a kududdufai, ruwan sama ya kwaso ƙazantar bayan gari ya zuba a rijiya da tafki. Zazzaɓin cizon sauro na cinye jini ya kashe sha'awar abinci, gudawa na zubar da ɗan abin da aka ci, yaron da ya rame kuma ba shi da ƙarfin yaƙar cutar da za ta biyo baya. Haka abin ke zagayawa har ya zama tamowa.

Shi ya sa ba a auna matsalar da yawan amfanin gona kawai. A 2005, lokacin da yunwa ta yi tsanani a Nijar, jihar Maraɗi ce ta fi fitar da yara masu tamowa, alhali ita ce ɗaya daga cikin wuraren da suka fi noma a ƙasar. A shekarar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar. A Najeriya ma, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Yankin da ke ciyar da ƙasa da gero, dawa, wake da gyaɗa ke nan.

To mene ne a hannun gida a irin wannan lokaci? Ya fi yadda ake zato yawa, sai dai yawancinsa abubuwa ne da aka raina.

A fara da ganye. Da zarar ruwa ya zauna, tafasa, rama, lalo, yakuwa, alayyafo, gasaya, yaɗiya da zogale suna fitowa a bayan gida da gefen gona ba tare da an biya ko sisi ba. Akwai gidajen da ke kallon cin tafasa a matsayin alamar babu, har a riƙa ɓoyewa kada maƙwabta su gani. Wannan kunya ce da ba ta da tushe. Koren ganye na ɗauke da sinadarin ƙarfe da ke gina jini, da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda ke kare ido da kuma ƙarfafa garkuwar yaro. Kuma yadda iyayenmu mata ke sarrafa shi akwai hikima a ciki. Dubi kwaɗon zogale: an dafa ganyen an matse, an daka ƙuli-ƙuli an barbaɗa, an yanka albasa da tumatir, an zuba ɗan man gyaɗa, an matsa lemon tsami. Ƙulin ya kawo sinadarin gina jiki. Man ya sa hanji ya iya ɗaukar bitamin A, domin ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. Tsamin lemo da ɗanyen tumatir kuma suna taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen da ke cikin ganyen. Gyara biyu kawai nake ganin ana buƙata. Kada a dafa ganye har ya yi baƙi a cikin ruwa mai yawa sannan a zubar da ruwan, kuma a rage kanwa, don tana lalata wasu bitamin ɗin duk da tana sa ganye saurin laushi.

Sai ƙwan zabo. Zabi da damina suke yin ƙwai, shi ya sa daga Yuni zuwa Satumba za ka ga yara da faranti a tasha da bakin titi suna tallar dafaffe. Abin takaici, sau da yawa yaron da ke tallar bai ci ko ɗaya ba, ƙaninsa da ke gida ma haka. Wani gidan buƙatar kuɗi ce, wani kuma tsohon camfi ne cewa yaron da ya saba da ƙwai zai koyi sata. Ƙwai ɗaya a rana ga yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyu babban abu ne. In an tara goma, a sayar da takwas a bar biyu. Haka nono, wanda shi ma yake yawaita da damina saboda dabbobi sun samu ciyawa.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne kunun yaro. Abin da cikin ɗan shekara ɗaya zai ɗauka a zama guda bai fi kofi ɗaya ba. In aka cika wannan kofin da koko tsararo, ruwa aka ba shi, cikinsa ya cika amma jikinsa bai samu komai ba. Kunun da zai amfane shi sai ya yi kaurin da zai tsaya a cokali ba ya zuba da sauri, a sa masa markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko garin waken suya da aka soya, ko madara, ko cokalin manja. Kuma a ba shi sau uku zuwa huɗu a rana, da ɗan abin taɓawa a tsakani, a kwanonsa shi kaɗai. Ƙaramin yaro in aka haɗa shi akushi ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun sharce.

Ta fuskar cuta kuwa, tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yaran yankin Sahel, daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro duk wata a tsawon damina. Shi ne wanda ake bi gida-gida ana rabawa. Kwana uku ake sha a kowane zagaye: na ranar farko a gaban mai rabawa, na kwana biyun da suka rage a hannun uwa. Gwaje-gwaje sun nuna yana rage kamuwa da kusan kashi uku cikin huɗu, amma sai an cika kwana ukun. Ajiye ragowar wai sai yaro ya yi zazzaɓi ɓarnar maganin ce. Ga gidan sauro, wanda amfaninsa a kan gado yake ba a shingen lambu ba. Ga ruwan sha, da ya kamata a tafasa ko a sa masa maganin tsarkakewa musamman lokacin marka. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,500, kuma Bauchi, Kano, Jigawa da Zamfara na cikin jihohin da suka fi ji a jikinsu. In gudawa ta kama yaro, abin farko shi ne ruwan gishiri da sukari. In babu na ƙunshi, a samu lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, a sa sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a haɗa da ƙwayar zinki ta kwana goma zuwa sha huɗu. Kada a daina ba shi nono, kada a hana shi abinci.

Akwai kuma ɗan zaren awon damtse mai launi uku. In ya nuna ja, wato kaurin damtsen yaro bai kai milimita 115 ba, tamowa ta yi tsanani, a tafi asibiti a ranar. In ya nuna rawaya, an kusa. A gundumar Mirya ta jihar Damagaram an koya wa uwaye yin wannan awo da kansu, aka ga suna yi daidai da ma'aikatan lafiya, kuma suna kawo yara da wuri. Abincin jinyar da ake bayarwa a ƙunshi, wanda aka haɗa da gyaɗa, madara, mai da sukari, magani ne na yaro ɗaya. Raba shi ga 'yan gida ko sayar da shi a kasuwa zalunci ne ga wanda aka rubuta wa.

Duk waɗannan matakai ne na lokacin da wahala ta riga ta iso. Inda ake yanke hukuncin yadda Agusta za ta kasance shi ne kaka.

Da kaka komai ya yi araha, kuma a lokacin ne manomi ya fi buƙatar kuɗi. Ga bashin taki, ga kuɗin makaranta, ga auren 'ya, ga gyaran ɗakin da ruwa ya ci. Sai ya kai buhunansa kasuwa a farashi mafi ƙasa, 'yan kasuwar Dawanau da makamantansu su adana, shi kuma ya dawo watan Yuli yana awon irin hatsin da ya sayar da tsada. Ba na zargin manomi, domin wanda bashi ya shaƙe ba shi da zaɓi, balle a sassan Zamfara, Katsina da Sakkwato inda 'yan bindiga suka hana mutane gonakinsu. Amma akwai bambanci tsakanin sayarwar dole da ta bikin da za a iya ragewa. A Nijar an daɗe ana gwada rumbun tsimi, da kuma tsarin da ƙungiyar manoma ke kulle hatsinta a sito ta karɓi rance a kansa, sai farashi ya tashi ta sayar ko ta ci. Irin wannan tsari ya fi rabon buhu ɗaya-ɗaya da ake yi bayan yunwa ta riga ta shiga. A matakin gida kuma, abin da na fi so a riƙe shi ne wake da gyaɗa. Su ake fara sayarwa saboda sun fi kuɗi, a bar gero da dawa, sai damina ta zo gidan na da tuwo amma ba abin gina jiki. Tuwo da miyar kuka zalla yana kashe yunwa, ba ya gina yaro. Hatsi in ya haɗu da wake ne suke cike giɓin juna.

Adanawa ma tana da haɗarinta, kuma wannan ne ɓangaren da aka fi yin sakaci da shi. Gyaɗa da masara in aka tara su ba su bushe sosai ba, ko aka shanya su a ƙasa tsura raɓa na sauka a kai, wata irin funfuna ce ke kama su tana fitar da guba mai suna afulatoksin. Ba ta da ɗanɗanon da za a gane ta da shi, kuma dafuwa ko suya ba sa kashe ta. Tana taruwa tana cin hanta a hankali, tana cikin abubuwan da ke jawo sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma bincike a Benin da Togo ya danganta ta da tsumburewar yara. In ta yi yawa tana kisa nan take: a Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu sanadin gurɓatacciyar masara. Yanzu a duba abin da ke faruwa a tsakar gida. Uwargida ta baza gyaɗa a faifai tana tsinta, manya masu kyau gefe ɗaya don kasuwa, ƙanana, motsattsu da waɗanda suka sauya launi gefe ɗaya don ƙuli da kunun yara. Gubar a cikin wannan rukuni na biyun ta fi taruwa. Ya kamata a zubar da su, ko kaji da akuya bai dace a ba su da yawa ba. A shanya amfani a kan tabarma ko tamfol, a kwashe kafin raɓar dare. Akwai gwaji mai sauƙi: a zuba busasshen gishiri da ɗan hatsi a busasshiyar kwalba, a rufe a girgiza, a bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai gama bushewa ba.

Wake kuwa ƙwari ne matsalarsa, kuma maganin da mutane suka koma wa ya fi cutar muni. Ana yayyafa masa fiya-fiya da sauran magungunan feshi da ba a yi su don abinci ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar irin wannan magani da aka samu a ciki. Waken da aka ƙi karɓa a can, irinsa muke dafa wa 'ya'yanmu. Alhali akwai hanyar da ba ta buƙatar magani ko kaɗan. Buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi tare da masana na nahiyar nan, yana kashe ƙwari ne ta hanyar hana su iska. Jarka ko duro mai murfin da ke rufuwa ruf shi ma yana yin wannan aiki, in an cika shi fal aka bar buɗewa.

Ƙarshen damina zuwa farkon kaka ne kuma lokacin shanya ganye. Kuka tana zubar da ganyenta da rani, don haka wanda bai tanada yanzu ba sai ya saya. Kuka, zogale, rama, karkashi, kuɓewa, duk a shanya. Ganye a inuwa ake shanya shi, inda iska ke ratsawa, saboda rana kai tsaye tana ƙona yawancin bitamin A ɗin. Garin kukar da ya fito kore ya fi wanda ya koɗe ya yi fari-fari.

Hunturu lokacin lambu ne. Daga Disamba zuwa Maris, tumatir na Kadawa, Kura da Bunkure, wanda ruwan madatsar Tiga ke shayarwa, yana cika kasuwar Yankaba har kwando ya koma kusan kyauta. Ga albasar Aliero da ta Galmi, ga tattasan Diffa, ga karas, kabeji, latas da lansir, ga lemon Binuwai a 'Yan Lemo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, kuma wannan ne lokacin da talaka zai iya kaiwa nan ba tare da aljihunsa ya yi kuka ba. A ci a ƙoshi, sannan a yi kauɗa. Tumatirin da ake zubarwa a Fabrairu shi ne ake nema ido rufe a Yuni. Sai dai kauɗar da aka shanya a gefen kwalta, ƙura da hayaƙin mota na sauka, awaki na bi ta kai, ba ita ake nufi ba. A yanka a shanya a kan tabarma a bisa rufi ko wani abu mai tudu, a rufa da yadi mai shara-shara.

Sanyi na sa a yawaita shan shayi, kuma nan akwai abin lura. Ganyen shayi na hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe in aka sha shi tare da abinci. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ɗin nan ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini, yara ƙanana kuma kashi 68. Mai ciki da mai shayarwa su ba da tazarar awa ɗaya ko fiye tsakanin tuwo da shayi, su bi abincin da lemo, gwaiba ko garin ƙwallon kuka, wanda bitamin C ɗinsa ya fi na lemo. Jiƙa gero da barin gasara ta yi tsami, kamar yadda ake yi wa kamu, shi ma yana sakin ƙarfen da ke cikin hatsi. A 2018 aka fitar da wani irin gero mai suna Chakti a Nijar, wanda aka zaɓo don yawan ƙarfensa, kuma yana nuna da wuri.

Sauran abin da ya shafi hunturu kowa ya sani: ƙura, mura, tari, faso da kaushi, wanda man kaɗanya ke maganinsu. Citta da kanumfari suna ɗumama jiki suna sanyaya maƙogwaro, amma yaron da ke numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa, asibiti yake buƙata. Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki kuma ya sha kashe iyali suna barci, don hayaƙin da ke kisan ba shi da wari.

Bazara batun ruwa ne. A Sakkwato, Maiduguri da Tawa zafi na haura digiri 40 kwanaki a jere. Mai aikin rana, lebura, ɗan acaba, mai tura kura, yana zubar da gumi mai yawa, kuma in ya jira sai ƙishi ya gallabe shi ya riga ya makara. Ma'auni mafi sauƙi shi ne launin fitsari: in ya yi duhu, jiki na neman ruwa, kuma ƙoda ce ke ɗaukar nauyin. Tsofaffi ba sa jin ƙishi kamar matasa, sai an riƙa miƙa musu. Amma jaririn da bai kai wata shida ba, ko a tsakiyar Afrilu, ba ya buƙatar ruwa. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne. Na san wannan magana tana da wuyar karɓa ga kakanni, domin tausayi ne ke sa su cewa yaro zai mutu da ƙishi, amma ruwan da aka ɗura masa yana cike gurbin nono, kuma ta nan gudawa ke shiga. Uwar za a ba ruwa da abinci, ita kuma ta yawaita ba shi mama.

Bazara ta zo da mangwaro, kankana da ɗorawa. Nunannen mangwaro na cikin hanyoyi mafi araha na samun bitamin A, kuma jiki na iya adana wannan bitamin a hanta na wani lokaci, don haka yaron da ya sha mangwaro sosai a Afrilu da Mayu ya shiga damina da guzuri. A wanke shi, a kuma guji wanda aka nunar da sinadarin kabaid, abin da hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kai. Zafi na saurin ɓata dafaffen abinci. Tuwon da ya kwana sai an yi masa ɗumame na gaske, ya yi zafi har ciki, miyar ma ta tafasa. Nonon da za a dama fura da shi ya zama wanda aka tafasa madararsa kafin ta kwana. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya a wannan lokaci alamar sanƙarau ce, ba a jira da ita. Annobar 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya.

Azumi yana ja da baya da kimanin kwana goma sha ɗaya duk shekara. Daga 2019 zuwa 2024 ya ratsa tsakiyar bazara, yanzu yana gangarawa wajen sanyi. Ko a wane lokaci ya faɗo, kuskuren iri ɗaya ne: a buɗe baki da soye-soye da zoɓo mai zaƙi cau, ciki ya cika, a kasa shan ruwa isasshe kafin asuba. Ruwa a riƙa shansa kaɗan-kaɗan tsakanin magariba da sahur, sahur ɗin kuma ya zama mai riƙe ciki kamar fura, wake ko tuwo. Mai ciwon suga, mai hawan jini da mai ciwon ƙoda su ga likita kafin watan ya kama.

Mutanen birni kuma tasu matsalar daban ce. Abincinsu ya daina bin lokaci: shinkafa, taliya, burodi da lemon kwalba, daga Janairu har Disamba. Da yawa daga cikin lemukan nan, robar rabin lita tana ɗauke da sukarin da ya haura giram 50, wato iyakar abin da aka ce babba ya sha a yini guda. Gishiri kuma an ce kada ya kai giram 5 a rana, bai cika cokalin shayi ɗaya ba, ga shi muna zuba gishiri, mu jefa dunƙulen ɗanɗano uku ko huɗu wanda shi ma gishiri ne ya fi yawa a cikinsa, mu ƙara da kanwa. Hawan jini da ciwon suga da suka cika gidajenmu na birni ba daga sama suka faɗo ba. Daddawa, albasa, tafarnuwa da busasshen kifi suna ba miya ɗanɗano, kuma harshe na sabawa da ƙarancin gishiri cikin makonni kaɗan in an rage a hankali.

Maganar nan tana komawa kan maigida, domin a yawancin gidajenmu shi ne ke cefane, shi ne kuma ake fara zuba wa nama. Uwargida tana iya sanin duk abin da aka faɗa a asibiti, amma ba za ta dafa abin da ba a kawo ba. Mai albashi da ke birni yana da damar da manomi ba shi da ita: ya sayi wake da gyaɗa a Nuwamba ya rufe su a jarka, ya sayi kwandon tumatir a Fabrairu a yi kauɗa, ya bi abin da ya yi araha a kasuwa maimakon abin da aka saba. In kuma yana da 'yan'uwa a ƙauye da yake aika wa taimako, ya duba lokacin da yake aikawa. Yawancinmu da kaka ko da Salla muke tunawa da su. Tiya goma ta wake, da kwalbar manja, da kuɗin mota zuwa asibiti, in sun isa a farkon Yuli sun fi buhun shinkafa a watan Disamba amfani ga yaran gidan.